Ofishin injiniyan da ya lissafa mini azarar ƙofar shagona

Sa'ad da ginin shagona a unguwar Wadata ta Yamai ya kai ga zuba kankare, na so a faɗaɗa ƙofar daga mita 4 zuwa mita 6, abin da ke nufin azarar kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai biyu, wadda magina ke kira putur, ita ma za ta ƙara tsawo. Maginina ya ce tun da rabi aka ƙara a tsawo, rabi za a ƙara a rodi. Maganar ta shiga kunne, amma zuciyata ba ta kwanta ba, sai na kai zanen wani ƙaramin ofishin lissafin gini da wani abokina ya nuna mini.

Abin da ya fi burge ni shi ne injiniyan bai miƙo mini takarda ya sallame ni ba. Ya zaunar da ni, ya tara nauyin rufin da na bangon sama da na azarar kanta, yana ɗaukar kilo 2,500 a kowace mita kubik ta kankare mai rodi, ya ninka nauyi mai dawwama da 1.35, mai zuwa ya tafi kuma da 1.5, kamar yadda ƙa'idar Faransa ta BAEL 91 ta tanada, ya samu kiloniyutan 20 a kowace mita, wato kusan tan 2. Daga nan ya ce, "Alhaji, ƙarfin lanƙwasa ya fi tsanani a tsakiyar azara, kuma ana samun sa ne idan an ninka nauyin da tsawon, a sake ninkawa da tsawon, a raba da 8." A mita 4 lissafin ya ba da 40, a mita 6 kuwa ya ba da 90. Ashe bai tsaya a ƙarin rabi ba, ya zarce ninki biyu, kuma da na bi shawarar farko da rodin ya gaza ƙwarai.

Ya kuma tambaye ni inda zan ɗora tankin ruwa, abin da ban taɓa zaton ya shafi aikinsa ba. Tanki mai lita 2,000, wato nauyin kusan kiloniyutan 20, idan ya zauna a tsakiyar azarar, ana ninka nauyinsa da tsawon a raba da 4, sai ya ƙara 30 a kan 90 ɗin, alhali idan aka ɗora shi daidai kan ginshiƙi ba ya lanƙwasa ta ko kaɗan. Nan take muka matsar da shi.

A ƙarshe ya ba da azara mai kaurin santimita 25 da tsayin 50, da rodi mai milimita 16 guda huɗu a ƙasa, domin kankare yana jure dannawa amma ba ya jure ja, kuma ƙasan azarar ne ke miƙewa idan ta ɗauki kaya. Zobban ƙarfen da ke kewaye rodin kuwa ya matse su kusa da juna a dab da ginshiƙai, inda ƙarfin tsagewa ya fi yawa.

Ofishin yana da nasa aibi. An yi mini alkawarin kwana uku, sai da na yi goma ina zirga-zirga, rodin da na sayo a kasuwar Katako yana zube a rana. Takardar kuma da Faransanci tsantsa take, maginina bai iya karanta ta ba, har sai da na biya kuɗin man injiniyan ya zo wurin aikin ya yi masa bayani da Hausa kafin a ɗaure ƙarfen. A ganina wannan ziyarar kamata ya yi ta kasance cikin farashin tun farko, tun da kuɗin lissafin gaba ɗaya bai kai na tan ɗaya na simintin Malbaza ba. Duk da haka, idan na tashi ɗora bene wurinsa zan koma, sai dai zan kai zanen da wata guda kafin in sayi rodi.