Farawa daga mataki na 1 ko na 11: amsa ga mai shirin buɗe sabon teburin Dungeons & Dragons

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce za ka jagoranci sabuwar tafiya ta Dungeons & Dragons (wasan nan na teburi da kowa ke zama jarumi a cikin labarin da jagora ke bayarwa, ana jefa ƙwaya domin yanke sakamako) da abokanka biyar, uku sun saba da wasan, biyu kuma ba su taɓa riƙe takardar jarumi (wadda ake rubuta ƙarfinsa da kayansa a kai) ba, kuma zama 12 kacal kuke da shi kafin kowa ya kama gabansa. Kana son sanin ko ku fara daga mataki na 11 cikin matakai 20 na girman jarumi domin su ɗanɗani ƙarfin manyan jarumai, ko kuwa ku hau tsanin tun daga ƙasa. Zan ajiye hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa bisa dokokin bugu na biyar da suka fito a 2014, domin da su na fi jagorantar wasa.

Abin da ido ke fara gani shi ne bambancin jiki. Matsafi a mataki na 1 ba ya wuce makin rai (adadin raunin da zai iya ɗauka kafin ya faɗi) 8 idan ƙarfin jikinsa matsakaici ne mai ɗan kyau, kuma gobilin guda, wanda shi ne ƙaramin abokin gaba da kowa ke farawa da shi, saransa ɗaya yana cin maki 5 a tsakaice. Ke nan sara biyu sun isa su kwantar da shi. Mayaƙi a mataki na 11 kuwa makin ransa kan haura 100, yana kai hari sau uku a zagaye ɗaya, ƙarin gwanintarsa, wanda ake ɗorawa a kan sakamakon ƙwaya, ya tashi daga 2 zuwa 4. Wannan ne ke jan hankalin masu son farawa daga sama, kuma ban ga laifinsu ba, domin akwai ɗaci a ce mutum ya kwana yana rubuta tarihin jaruminsa, sannan a zaman farko ƙwayar wasa ta faɗi ba daidai ba a ɗauke shi ranga-ranga.

Sai dai ƙarfin yana zuwa da kaya, kuma ɗan wasa ne zai ɗauka a kansa. Matsafin mataki na 1 yana da sihiri 6 a littafinsa da gurbin jefawa 2 (wato sau nawa zai iya jefa su kafin ya huta), abin da sabon shiga zai iya haddacewa kafin a gama shan shayi. Na mataki na 11 yana da aƙalla sihiri 26 a littafi, zai zaɓi kimanin 16 da zai shirya kowace safiya, yana kuma lura da gurabe 16 da suka rarrabu a darajoji shida. Wanda ya taso da jarumin daga ƙasa ya karɓi waɗannan bibbiyu a kowane mataki, ya gwada kowanne a fagen fama, ya san wanda ya taɓa cetonsa. Wanda aka miƙa wa su a dunƙule kuwa, karatu zai yi ta yi a tsakiyar faɗa. Na ga haka da idona a wani zama da na buɗe daga mataki na 12. Wata sabuwar 'yar wasa ta ɗauki matsafiya, takardunta shafi huɗu, kuma duk lokacin da zagaye ya iso kanta sai ta sa yatsa a kan jerin sihirin tana bi layi-layi, sauran suna jira shiru, daga ƙarshe ta jefa wanda ta jefa a zagayen baya saboda shi kaɗai ta tabbatar da yadda yake aiki. Faɗan da na tsara zai ci rabin sa'a ya cinye mana kusan duk yammacin. Laifin nawa ne a matsayina na jagora, kuma har yau ina jin nauyinsa, domin ta zo da ɗoki ta koma tana ganin ita ce ta ɓata wa mutane lokaci.

Inda hanyoyin biyu suka fi rabuwa shi ne irin labarin da kowace za ta iya ɗauka, kuma nan nake so ka fi tsayawa. Littafin dokoki ya kasa matakai 20 gida huɗu: 1 zuwa 4, 5 zuwa 10, 11 zuwa 16, da 17 zuwa 20. A gidan farko, duniya ita kanta abokiyar gaba ce. Kogi da ya cika, guzuri da ya ƙare, ƙofa da aka kulle, tafiyar kwana goma cikin daji, kowanne ya isa ya zama zama guda. Idan aka kashe hakimin gari, sai jarumai sun bi gida-gida suna tambaya. A gida na uku kuwa yawancin waɗannan sun daina zama matsala. Tun daga mataki na 5 akwai sihirin tashi sama, akwai na samar da abinci da ruwa, akwai na yi wa gawa tambaya biyar. Daga na 9 ana iya leƙen mutum daga nesa, ana iya tayar da wanda bai wuce kwana 10 da mutuwa ba idan an sami lu'ulu'u na zinariya 500. A na 13 sihirin ɓacewa a bayyana a wani gari yana shigowa, ya naɗe tafiyar wata guda a ƙiftawar ido. Saboda haka jagoran da ya tsara labarin ƙasa ya ɗora shi a kan jaruman sama zai ga an warware masa ƙullin zama uku cikin minti goma, sai ya fara ƙirƙiro dalilan hana sihiri aiki, 'yan wasa kuma su ji an ba su doki an ɗaure masa ƙafa.

Labarin sama yana da daɗinsa da na ƙasa ba zai taɓa bayarwa ba, muddin an gina shi da nasa tubalin. Jarumin mataki na 11 mutum ne da sarakuna suka san sunansa, don haka abin da zai dame shi shi ne zaɓi: garuruwa biyu suna neman agaji a dare ɗaya, ko abokin gaban da ya san duk dabarunsu saboda tsohon abokin tafiyarsu ne, ko alkawarin da suka ɗauka shekarun baya da yanzu aka zo karɓa. Irin wannan teburin yana buƙatar 'yan wasa masu magana da yanke shawara, yana kuma buƙatar jagora mai saurin tunani idan aka kauce wa abin da ya shirya.

Aikin jagora ma ba ɗaya ba ne. Bayanin gobilin layi kaɗan ne. Babban jan macijin wuta yana da makin rai 256, da ikon ture sihiri sau uku a rana, da ayyukan da yake yi a tsakanin zagayen 'yan wasa, kuma duk da haka jarumai biyar da suka huta suna iya gamawa da shi da wuri idan shi kaɗai ne faɗan ranar. Ga kuma ƙarancin abin dogaro, domin yawancin labaran da kamfanin Wizards of the Coast, mai buga wasan, ya wallafa daga ƙasa suke farawa su tsaya a tsakiya. Lost Mine of Phandelver daga 1 zuwa 5 ne, Curse of Strahd daga 1 zuwa 10. Masu kaiwa 20, irin su Dungeon of the Mad Mage na 2018 da Vecna: Eve of Ruin na 2024 wanda ke farawa daga 10, 'yan kaɗan ne. Idan ka hau sama, yawancin ginin da hannunka za ka yi shi.

Hujjarka mafi ƙarfi ita ce ta lokaci, kuma gaskiya ce. Mataki na 2 makin gogewa 300 yake buƙata (waɗanda ake tarawa ta cin nasara a faɗa), na 5 maki 6,500, na 11 kuwa 85,000. A zama 12 ba za ku kai can ta hanyar tara maki ba, kuma teburori da yawa suna watsewa ba su taɓa ganin sihirin daraja ta shida ba. Wanda ya shekara yana buga ƙananan matakai yana da haƙƙin ya so ganin saman tsaunin. Da a ce duka biyar ɗin tsofaffin hannu ne, da na ce ku fara daga 11 ba tare da shakka ba, kuma kada ku wuce nan zuwa 17, inda sihirin cika buri ke shigowa ya sa kusan kowane shiri ya zama abin tattaunawa.

Amma da sababbi biyu a teburin, shawarata ita ce ku fara daga mataki na 3, inda kowane jarumi ya riga ya zaɓi reshen sana'arsa kuma sara biyu ba su kayar da shi. Ka ajiye lissafin maki, ka riƙa ɗaga su mataki idan sun cimma wani babban abu a labarin, hanyar da littafin jagora ya amince da ita. Idan ka ɗaga su kusan kowane zama a farko, sannan duk bayan zama biyu, za su shiga gida na biyu da wuri, su riƙe ƙwallon wuta da harin ninki, su kai 9 ko 10 a zaman ƙarshe, kuma duk abin da ke takardarsu sun san ranar da suka same shi.

Idan kuwa ka dage a kan 11, to ka ware zama guda kafin farawa domin gina jarumai tare. Littafin jagora na 2014 ya ba da ma'auni ga masu farawa tsakanin 11 da 16: zinariya 5,000 da ɗan ƙari na ƙwaya, da kayan sihiri biyu marasa tsananin wuya a tafiya matsakaiciya, kuma ka tuna kayan sihirin da ke buƙatar jarumi ya ɗaura su ga kansa ba sa wuce uku ga mutum ɗaya. Ka ba sababbin mayaƙi ko wani mai sauƙin takarda, ka rubuta musu abubuwa huɗu da za su fi yi a kan ƙaramin kati, ka gudanar da faɗan gwaji wanda ba ya cikin labari. Sannan ka tambayi kowane ɗan wasa abu uku game da shekarun da jaruminsa ya yi kafin yau: wa ya taɓa ceta, wa ya ɓata wa, da kuma wa yake binsa bashi. Amsoshin nan 15 ka rubuta su a littafinka, daga cikinsu za ka ciro abokin gaban zama na farko.