Kicin ɗin Hajiya na bayan Shara Mansur: abin da muka gani a azumin 1446

Ni ce ma'ajin ƙungiyarmu, don haka duk riyal ɗin da ya fita a azumin nan ta hannuna ya bi, kuma ni ake kira in abinci ya makara. Da 'yan uwa na Jidda da Madina suka dame ni da tambaya a kan matar da ta yi mana girkin buɗa-baki, sai na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ƙungiyar ba wata babba ba ce. Mu 23 ne, duk ɗalibai mata a jami'ar Ummul Ƙura ta Makka, ɓangaren mata da ke unguwar Zahir. Akwai mu 'yan Najeriya da muka biyo mazajenmu ko iyayenmu, akwai 'yan Maraɗi da Damagaram, akwai haifaffun Makka masu Hausa rabi Larabci rabi, da wata baiwar Allah 'yar Mai Wurno ta Sudan da yaƙin 2023 ya tarwatsa danginta. Kowa tana zuba riyal 30 a wata. Wadda ta haihu a je mata barka, wadda aka yi wa rasuwa a gida a zauna da ita, sabuwar zuwa a riƙe hannunta har ta daina kuka a darasin nahawu. 'Yar kawuna da ke karatu a Amurka ta ce min irin wannan a can sororiti ake ce masa, suna sa wa kansu suna da haruffan Girkanci, kuma ta farko ta baƙaƙen mata tun 1908 aka kafa ta a jami'ar Howard da ke Washinton. Na ce mata mu dai ba mu da haruffa, ba mu da gida, sai zauren WhatsApp da littafin lissafi guda mai bango kore.

A nan Saudiyya ba a yawo da ƙoƙon bara da sunan sadaka. Tara kuɗi daga jama'a sai ƙungiya mai lasisi, ko a bi ta Ehsan, manhajar sadaka ta gwamnati da aka buɗe a 2021. Saboda haka ba mu karɓi sisin kowa ba, kuɗin aljihunmu ne, kuma mun shiga ƙarƙashin wata jam'iyyar agaji da ke kula da wani ribaɗi. Wanda bai san ribaɗi ba, gida ne na wakafi da ake zaunar da tsofaffin mata da zawarawa marasa mai kula da su. Namu yana da tsofaffi 40, kusan rabinsu Hausawa ne da suka zo tun suna 'yan mata, wasu ma a ƙafa iyayensu suka ratso Chadi da Sudan suka tsallako ta Sawakin. Mun ɗauki Litinin da Alhamis da Juma'a, sau 12 ke nan a watan.

Da fari niyyata in sayi kwalin da kowa ya sani, wanda ake rabawa a bakin masallatai: dabino, ruwa, nono, lemon kwali da ɗan biredi mai zaƙi. Ya fi araha, ba ya zuba, kuma da fatura yake zuwa, wato rasit. Amirarmu ce ta ce a'a, in je in ga wata Hajiya da ke girki a gida can bayan titin Shara Mansur a nan Makka, irin masu sana'ar gida da izinin hukuma da ake kira usar muntija. Na je ina ƙunƙuni.

Gidan hawa na biyu ne, babu lif, matakalar kuma ƙunci gare ta. Amma kicin ɗin fes, takardar izini da ta lafiya suna manne a bango, 'yan aikinta biyu kowa da safar hannu. Na miƙa mata jerin da na rubuto: shinkafar bukhari da kaza, sambusa biyu, dabino uku. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Ya binti, su waye za su ci?"

Na ce tsofaffin ribaɗi.

"To da wane haƙorin? Kin taɓa ganin mai shekara tamanin ta sha ruwa da cinyar kaza? Bar min wannan, 'yar nan. Ke dai faɗa min nawa ne a hannunki."

Raina ya ɗan sosu, don ni na saba in na biya kuɗi a yi min abin da na ce. Amma a nan ne kuɗinmu ya yi albarka. Abin da ta haɗa mana a riyal 9 kowane mutum shi ne kunun gyada mai ɗumi a kofi mai murfi, masa huɗu masu laushi, miyar taushe da nama da ta dafa har ya saki jiki, sai dabino. Ranar Juma'a takan canja kunun da shurbar hatsi irin ta mutanen Hijaz, ta ƙara ƙosai. Ta tambaye ni masu ciwon suga nawa ne, ban sani ba, ta kore ni in je in tambayo. Goma sha ɗaya ne. Daga ranar nasu kunun babu suga, da jan zare a ɗaure a murfin don kada mu rikita. Wannan jan zaren ya fi min duk wata takardar talla.

Masar tata ta isa a yi magana a kanta. Da shinkafa take yi, ta kwana da jiƙo, ƙullun ya tashi daidai, ba tsami mai kama maƙoshi, ba kuma mai da ke tsiyaya a hannu. Akwai wata tsohuwa a ɗaki na ƙarshe, mutuniyar Haɗeja, da ba ta cika yi mana magana ba. Ranar farko ta gutsuri masar, ta yi shiru, sannan ta ce min, "Jikata, wa ya toya wannan? Ki ce mata tandarta ta ƙasa ce ko ta ƙarfe?" Da na kai wa Hajiya saƙon sai ta yi dariya ta ce ta ƙarfe ce, amma hannun na ƙasa ne. Daga nan tsohuwar ta riƙa jiranmu a bakin ƙofa.

Sai dai fa ba zan ɓoye muku ba, Hajiya ba ta san agogo ba. Magariba a Makka cikin Maris wajen shida da rabi take, mun yi da ita ƙarfe huɗu da rabi komai ya kammala. Sau huɗu cikin 12 muka iso muka tarar tanda na kan wuta. Kowa ya san yadda hanya take cushewa kafin shan ruwa, balle a goman ƙarshe da masu umara suka cika gari. Wata rana a cikinsu a mota muka ji kiran salla, kunu a cinyarmu, tsofaffi can suna buɗa baki da ruwa zalla. Na kira ta raina a ɓace, ita kuwa ko a jikinta: "Ma fi mushkila, ya binti, ai ladan yana nan." Ladan yana nan, amma ni ce na tsaya gaban mai kula da ribaɗin ina ba da haƙuri.

Robobin miyarta ma ba su da kirki, murfin ba ya kamawa. Abayata biyu suka sha manja kafin na yi wayo na sayo namu robobin masu ƙulli a shagon sari, na riƙa kai mata tun da safe. Wannan ya ƙara mana kusan riyal 200 da ba ya cikin lissafi. Ga kuma maganar fatura. Jam'iyyar na son takarda kafin ta shigar mana da awoyinmu a dandalin aikin sa-kai na ƙasa, wanda ɗalibai ke rububinsa tunda tsarin ci gaban Saudiyya na 2030 ya sa burin samun masu aikin sa-kai miliyan ɗaya a shekara, kuma awoyin na da amfani a takardun neman aiki. Hajiya kuwa lissafinta a ka yake, sai saƙon murya mai minti shida da rabinsa gaisuwa ce. Sai da ɗanta ya zo hutu ya buga mana takarda ɗaya ta duka watan.

A kuɗi dai ba ta cuce mu ba. Riyal 4,320 muka biya, ko halala ba ta ƙara ba duk da nama ya tashi a tsakiyar wata. Ranar ƙarshe ma ta saka mana tsire kyauta, wanda mutanen nan suka karɓa suka mayar nasu suke ce masa sireh, ta ce na 'yan matan da suka yi ɗawainiya ne. A mota muka cinye, ba kunya.

In ƙungiyarku raba wa masu wucewa a titi za ta yi, mutum ɗari biyu ko uku, kada ku je wurinta. Ba ta da ƙarfin hakan, kuma kwalin kamfani ya fi dacewa da ku. In kuwa kun san waɗanda za su ci, kun san ɗakunansu da ciwonsu, to ku je. Ku ce mata ƙarfe uku in kuna so ƙarfe huɗu da rabi, ku tafi da robobinku, ku nemi takarda tun ranar farko, kuma kada ku ɓata bakinku wajen zaɓa mata abin da za ta dafa.

Mun riga mun kai mata kafin alƙalami na azumi mai zuwa. Amira ta ce wannan karon ita za ta riƙa ɗauko abincin, ni in tsaya a littafi. Na ce mata ta tanadi tsohuwar abaya.