Sharhi kan darasin intanet game da finafinan bomba na ƙasar Filifin

Na biya kuɗin wani darasi na intanet kan tarihin finafinan ƙasar Filifin, kuma sashen da ya fi kama ni shi ne na finafinan tsiraici, waɗanda can suke kira bomba. Tambayar da kowa zai fara yi ita ce ko ana nuna batsa. Ba a nunawa. Malamar tana aiki da fastocin talla da yankan tsofaffin jaridu da gutsattsarin fim da aka tace, sauran duk bayani ne.

Bayanin kuwa ya ci kuɗinsa. Ta faro daga 1970, shekarar da fim ɗin Uhaw ya fito da 'yar wasa Merle Fernandez, gidajen sinima na Manila suka riƙa cika maƙil. Da shugaban ƙasar na lokacin, Ferdinand Marcos, ya ƙaƙaba dokar soja a Satumban 1972, aka haramta irin waɗannan finafinai. Masu shirya fim sai suka sauya dabara: 'yar wasa ta shiga kogi da farar riga shara-shara, ta fito a jiƙe sharkaf. Har Gloria Diaz, wadda ta zama sarauniyar kyau ta duniya a 1969, ta yi irin wannan fitowa a 1974.

Inda darasin ya fi ƙarfi shi ne labarin ginin Manila Film Center, wato cibiyar finafinai ta Manila. Imelda Marcos, matar shugaban ƙasar, ita ce ta sa a gina shi cikin gaggawa domin bikin finafinai na duniya da za a yi a Janairun 1982. A Nuwamban 1981 wani ɓangare ya rufta a kan leburori, aka rasa rayuka, amma aiki bai tsaya ba. Daga baya a wannan ginin aka riƙa haska finafinan tsiraici ba tare da almakashin hukumar tacewa ya taɓa su ba, domin a samu kuɗin shiga. Gwamnatin da ta hana abu da sunan tarbiyya, ita ce ta koma sayar da tikitinsa. Malamar ta dakata a kan wannan sosai, ta nuna hoton ginin da dogon layin masu jiran shiga, kuma wallahi abin ya dame ni.

Na kuma ji daɗin yadda ta ɗauki 'yan wasan a matsayin mutane masu iyaye da buƙatu. Ta kawo 'yan matan da manajansu ya laƙaba wa sunayen lemon kwalba, irin su Sarsi Emmanuelle da Coca Nicolas, ta nuna yadda aka mayar da yarinya haja tun daga sunanta. Sannan ta kawo Jaclyn Jose, wadda ta fara da irin waɗannan finafinai a tsakiyar shekarun 1980, ta zo ta lashe kyautar gwarzuwar 'yar wasa a bikin Cannes na Faransa a 2016, ta rasu a 2024. Gwanintar tana nan tun farko, kasuwa ce ta fi son jikinta.

Akwai gyara. Maza irin su Daniel Fernando da Ronnie Lazaro sunansu kawai aka ambata aka wuce. Zamanin 'yar wasa Rosanna Roces na shekarun 1990 da fitowar manhajar kallon finafinai ta Vivamax a 2021 an cusa su cikin bidiyo ɗaya a gurguje. Fassarar Tagalog, harshen da ake yi a finafinan, da ke ƙasan hoto takan makara, sai mutum ya gama magana rubutun ya biyo baya. Ga cin data, kuma ba a iya saukewa a kalla daga baya.

Ɗalibin fim ko mai nazarin yadda hukuma ke tace finafinai zai amfana ƙwarai. Sai dai a kalle shi da abin ji a kunne, ba inda yara suke ba, domin batun na manya ne ko da hotunan an tace su.