Laim, gawayi, kashin kaji ko noman buhu: wanne za ka saya in ƙasar lambunka na da guba?

Masu lambu a Kumasi, musamman wanda fadamarsa ke kusa da Suame Magazine (unguwar makanikai da maƙera) ko yana ban ruwa da ruwan kogin Offin da galamsey (haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba) ya jagwalgwala, kafin ka kashe sidi ko ɗaya ka ɗebi ƙasa a wurare daban-daban ka kai cibiyar binciken ƙasa ta Kwadaso a auna maka, don gubar ƙasa iri-iri ce, dalma daban kadmiyam daban asenik daban, kuma abin da ke danne ɗaya yana iya tayar da wani. Ka sani fa babu ɗaya cikin kayan nan da ke fitar da gubar, ɗaure ta kawai suke yi kar saiwa ta sha da yawa.

Laim na noma, wato garin farar ƙasa, shi ya fi saurin aiki. Yana rage tsamin ƙasa, in awon tsamin (pH, wanda ke hawa in tsami ya ragu) ya kai 6.5 zuwa 7 latas da kabeji ba sa jan dalma da kadmiyam kamar da. Amma damina na wanke shi sai ka sake zubawa, kuma in asenik ne matsalarka irin ta yankin Obuasi, garin haƙar zinariya, toh laim na iya ƙara sakin ta ma. Kar ka saya da ka.

Ni gawayin buntun shinkafa na fi so wallahi, yana shekaru a ƙasa yana riƙe ruwa yana riƙe gubar, sai dai ka jiƙa shi ka cakuɗa da taki kafin ka zuba in ba haka ba shuka ta yi rawaya a farko. Na garin katako ma ya yi, amma ka tambaya, in katakon an masa fenti ko magani ka bar musu kayansu.

Kashin kaji kam ga araha ga shi ko'ina a Kumasi, a bari ya ruɓe sosai, amma shi kaɗai bai isa ba.

In awo ya nuna gubar ta yi yawa, ɗan'uwa kar ka wahalar da kanka, ka sayi ƙasa mai kyau ka yi noman buhu, wato ka zuba ta a buhu ka yi shuka a ciki, ka kuma canza ruwan da kake bayi da shi. Tumatir da kuɓewa da barkono ba sa tara guba kamar ganye, ka koma kansu, latas ɗin nan ɗanye 'ya'yanmu ke cin sa da wake da shinkafa.