Jan tayil ɗin kicin: soda ko asid, kuma me za a shafa bayan wanki?

Hajiyar da ta yi tambaya jiya, wai sun ɗaga tsohuwar ledar ƙasa a kicin ɗin gidan da suka saya a Manchester suka tarar da ƙananan jan tayil masu inci 6, duk tabon maiƙo da wani fari-fari kamar gishiri, wata ta ce mata asid wata ta ce soda. To Hajiya duka biyun ba su yi ƙarya ba, sai dai kowa da ciwon da yake warkarwa.

Wannan tayil ɗin yumɓu ne zalla aka gasa a wuta sama da digiri 1,000, ba a yi masa ruwan gilas a sama ba, irin wanda aka riƙa yi a Ruabon ta Wales da yankin Staffordshire tun zamanin Sarauniya Victoria. Shi ya sa yake shan mai kamar sabuwar tukunyar ƙasa.

Soda, wato soda crystals, sodar wankin nan da ke kowane babban kanti, ita ce ta maiƙo: man gyaɗa, manja, kitse, tsohon kakin da masu gidan na da suka shafa. Ki jiƙa ta a ruwan zafi ki zuba ki bar ta kamar minti 15, kar ki bari ta bushe a wajen, ki dirje da burushi mai tauri amma ba na waya ba, ki kwashe ruwan dattin ki ɗauraye sosai. Tabon da ya nutse ki kwaɓa ta da kauri ki ɗora a kai ki rufe da leda ya kwana. Arha gare ta, ba ta cin simintin da ke tsakanin tayil, aibinta kawai sai kin maimaita kin sake maimaitawa, kuma farin nan ko gezau ba zai yi ba.

Farin kuwa asid ne maganinsa. Gishiri ne danshi ke turowa daga ƙasa, ko ragowar siminti. Amma asid ba ya taɓa mai ko kaɗan, in kika fara da shi asarar kuɗi ce, ga shi yana cin abin da ke tsakanin tayil in ya daɗe a wajen. Don haka soda tukuna, a ɗauraye, sannan asid mai sauƙi irin na phosphoric a inda farin yake kawai, minti kaɗan a wanke. Shi mai ƙarfin nan na wanke bulo ni dai ban ba ki shawara ba. Safar hannu, taga a buɗe, kuma don Allah kar ya haɗu da bilic, iskar da ke tashi tana iya kai mutum asibiti.

Af, in kin ga baƙin gam kamar kwalta a manne, kar ki kankare shi a bushe ko ki sa inji, tsofaffin irinsa wasu na da asbestos, wani sinadari da ƙurarsa ke illata huhu, wanda sai 1999 aka hana shi gaba ɗaya a Birtaniya. A kai a gwada tukuna.

Sai maganar abin shafawa, nan ne mutane ke yin kuskure. Kala biyu ne. Akwai mai zama a sama ya yi sheƙi, ranar farko wallahi abin sha'awa, jan ya fito raɗau. Akwai kuma mai nutsewa ciki, a jikin galan za ki ga an rubuta impregnating sealer, shi ba ya sheƙi sosai, har ki ce kamar ba ki shafa komai ba, amma zuba ruwa ki ga ya tsaya ƙwaya-ƙwaya. Tsofaffin gidajen Ingila, musamman na kafin shekarun 1960, yawanci babu ledar tare danshi a ƙarƙashin daɓen, ta jikin tayil ɗin danshin ke fita. Kika toshe shi da mai sheƙi, danshin zai taru a ƙasa ya yi fari ya fara ɓarewa, ga santsi in ruwa ya zuba, ga shi bakin murhu da bakin ƙofa sun riga ko'ina goguwa, sai ƙasan ya yi dabbare-dabbare. Mai nutsewa yana barin ƙasa ta yi numfashi, ni shi zan zaɓa miki, musamman mu da girkinmu ba ya rabo da suya. Amma ko da shi, manja in ya zuba a goge nan take, lokaci kawai yake ba ki.

Na gargajiyar mutanen Ingila kuwa, man linseed (man 'ya'yan wani tsiro da ake shafa wa katako) da kakin zuma, yana da kyau yana duhunta launi amma yana son hidima akai-akai, kuma tsumman da aka goga man da shi in aka dunƙule yana iya kamawa da wuta da kansa, sai a jiƙa shi a ruwa.

Ko wanne kika ɗauka kar ki shafa sai ƙasan ya bushe ƙayau, a sanyin garin nan zai iya cin sati ko fiye. Ki manna leda da salatif a waje ɗaya ta kwana, in kin ga raɓa a ƙasanta ki ƙara jira. Ki fara gwadawa a bayan firij, shafi siriri sau biyu, ki goge rarar kafin ta bushe.