Produit ko Superposition: wanne zai gyara hotunan Sallah?

Ɗan'uwanmu na Garwa ya ce ya ɗauki hotuna biyu ranar Sallah: na rana haske ya wanke shi, na dare kuma fuskokin ba sa fita. Yana tambayar wanne zai sa a Photoshop ɗinsa na Faransanci, Produit ko Superposition, wato yanayi biyu na haɗa hoto da wanda aka ɗora a kansa.

Malam, kowane hoto da maganinsa. Fara da Ctrl+J ka kwafi fallen hoton (layer), kwafin ya hau kan na asali, sannan ka canza yanayin na saman zuwa Produit ko Superposition.

Produit duhu yake ƙarawa. Kowane ɗigo na hoto yana da lamba daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat. Produit yana ninka lambobin falle biyun ya raba da 255, don haka toka-toka mai 128 sai ya koma 64. Superposition kishiyarsa ce, tana ɗaga 128 ɗin zuwa kusan 192. Ka ga kenan, na rana Produit, na dare Superposition.

Sai dai akwai inda Produit ba ya iya komai, kuma nan ne nake so ka lura. Fari fat in an ninka shi da kansa fari yake zama. In rana ta cinye aikin wuyan babbar riga har ya kai 255, zaren ba zai dawo ba ko ka jera falle goma. Fuska ce kawai za ta yi ta yin duhu. Na taɓa ɓata dare guda a kan farar shaddar wani dattijo kafin na gane haka. In kuwa akwai ɗan alamar ɗinkin, zai fito ras.

Superposition tana haska fuska, amma tana tono tsakin da ke ɓoye cikin duhun, wato ƙananan ɗige-ɗigen da ke ɓata hoto, musamman hoton waya. Ni nakan rage ƙarfin fallen zuwa rabi, in tsaya da zarar idanu sun fito.

Hattara da sunayen kuma. Abin da Photoshop na Faransanci ke kira Superposition shi ne Screen a na Turanci, GIMP na Faransanci kuma, wata manhajar gyaran hoto, Écran yake ce masa. Superposer na GIMP wani abu ne daban, shi ne Incrustation a Photoshop, mai ƙara wa duhu duhu, haske haske. Ka sa shi a hoton daren nan, fuskokin za su ƙara nutsewa.