Process Explorer: maganin manhajar da aka rufe ta ƙi mutuwa

Masu shagunan buga takardu a Nima da Mamobi a Accra sun san wannan ciwon kai. An rufe tsohuwar Word ko Outlook, tagar ta ɓace, a sake dannawa shiru. Ko a zo cire filas, Windows ta ce ana amfani da shi. Manhajar tana nan a ɓoye, ba ta gama fita ba. 

Task Manager, wanda ke zuwa tare da Windows, na iya kashe ta, amma ba zai gaya maka dalili ba. A nan Process Explorer, mai nuna duk abin da ke gudana a cikin kwamfuta, ya fi shi. Mark Russinovich ne ya rubuta shi, Microsoft ta sayi kamfaninsa Winternals, mai shafin Sysinternals, a 2006. Kyauta ne, ba a girka shi, daga filas ma yana tashi.

Ka buɗe shi da ikon Administrator, in ba haka ba rabin bayanin ba zai fito ba. Zai jero manhajoji kamar bishiya, kowace uwa da 'ya'yanta, wato manhajojin da ta tayar. Wadda ke fita takan yi ja na ɗan lokaci ta ɓace. Wadda ta zauna bayan ka rufe tagarta, ita ce mai laifin. Idan fayil ko filas ne ya maƙale, shiga Find Handle or DLL ka rubuta sunan fayil ɗin ko harafin filas, zai nuna maka wanda ya riƙe shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin sauke shi. In ka zaɓi manhaja a jerin, Shift da Delete na kashe uwa har da 'ya'yan.

Sai dai a yi hattara. Kashe Outlook tana tsakar rubutu na iya lalata fayil ɗin PST da take ajiye saƙonni a ciki, sai an bi shi da scanpst, manhajar gyara shi. Galibi wani ƙarin da aka liƙa mata ne, kamar na riga-kafin ƙwayar cuta, yake hana ta fita. Cire shi ya fi kisan kullum. Haka kuma rufe handle, wato riƙon da manhaja ta yi wa fayil, da ƙarfi na iya ɓata wani fayil daban, a bar wannan wa gwanaye.

Inda ya gaza: manhajar da ke jiran direban firinta ko sikana, wato manhajar da ke haɗa na'urar da Windows. Ko taskkill /f, umarnin Windows na kashe manhaja da ƙarfi, ba ya taɓa ta. Zare kebul ɗin USB wani lokaci yana sakin ta. In ya ƙi, a danna Restart, kada a danna Shut down, domin Fast Startup, tsarin saurin kunnuwa na Windows 10, yana ajiye direbobi yadda suke ya dawo da su.

Allonsa cike yake da lambobi, kuma komai da Turanci aka rubuta, sabon yaron shago zai ruɗe a ranar farko. Mai Windows 7 kuma ya nemi tsohon fitowar Process Explorer.